Yadda Ake Yada Zango da Motar Gida a Dajin Arewacin Kanada

Tun da na zauna a Edmonton, kusan kowace bazara sai na ɗebi iyalina mun nufi arewa da motar gida, wadda mutanen nan ke kira RV. Mota ce mai gado, da murhun gas, da firij, da ɗan banɗaki a ciki. 'Yan'uwa da ke ganin hotunanmu a bakin tafkin Muncho sukan ce, "Malam, yaya ake yi?" Amsar da nake fara ba su ita ce: a can kai ne kamfanin wuta, kai ne hukumar ruwa, kai ne mai kwashe shara. Ruwanka, manka, wutarka, duk a ƙidaye suke. Wanda ya iya wannan lissafi zai more tafiyarsa. Ga yadda nake yi, a kan hanyar da na fi sani, wato babbar hanyar Alaska da kuma hanyar tsakuwa ta Dempster.

Kayan da za ka tanada

Na mota: tayar safaya mai lafiya, jak da sifanar da ta dace da notin tayar, ma'aunin iskar taya, ƙaramin famfon iska mai aiki da batir, wayar haɗa batir, jarkar mai ta lita 20, da guntayen katako masu faɗi guda shida ko takwas na daidaita mota. Ka riƙe salatif mai faɗi saboda gilashi, za ka ga dalili a gaba.

Na ruwa da banɗaki: tiyo biyu. Farin na ruwan sha ne kaɗai, kada ya taɓa komai. Ɗaya kuma mai kauri, na zubar da ƙazanta. Ka ajiye su a akwati daban-daban. Sai safar hannu ta roba, maganin tankin banɗaki, takardar banɗaki mai saurin narkewa, jarkokin ruwan sha biyu, da buta.

Na jiki: bargo mai nauyi ga kowa, rigar sanyi, rigar ruwa, hular sanyi, takalmi rufaffe, maganin sauro na shafawa, da ragar rufe fuska. Sai akwatin magani, tocila, ashana, gatari ƙarami, da gwangwanin barkonon fesa wa beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, aƙalla biyu.

Na hanya: taswirar takarda, taswirar da ka sauke a waya tun kana gari, da kuɗi a hannu, ƙananan takardu. In da hali, ka ari ko ka yi hayar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. In babu, ka rubuta wa wani ɗan'uwa jadawalin tafiyarka, da ranar da in bai ji daga gare ka ba zai kira 'yan sanda.

1. Zaɓi lokaci, ka auna hanya

Yawancin wuraren zango na gwamnati suna buɗe ne daga tsakiyar Mayu zuwa Satumba. Yuni da Yuli rana ba ta son faɗuwa, amma sauro ne ke mulki. Ni na fi son ƙarshen Agusta: sauro ya ja baya, ganyaye sun fara ja da rawaya, dare ya dawo har mutum ya iya ganin hasken nan mai launi da ke rawa a sararin arewa. Sai dai sanyin asuba yana iya daskarar da ruwa.

Hanyar Alaska ta fara daga garin Dawson Creek a lardin British Columbia, ta ƙare a Delta Junction cikin Alaska, tsawonta ya haura kilomita 2,200. Sojojin Amurka ne suka fasa ta a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yanzu kwalta ce. Daga Dawson Creek zuwa Fort Nelson kusan kilomita 450 ne, daga nan zuwa Watson Lake sama da 500, sannan kusan 440 zuwa Whitehorse, babban birnin yankin Yukon. Kuskuren sabon shiga shi ne ya duba waɗannan alƙaluma ya ce ai kwana uku ne. Motar gida ba ta gudu. Kada ka ɗora wa kanka fiye da kilomita 300 zuwa 350 a rana, kuma duk bayan kwana biyu ko uku ka ware yini guda da ba za ka taɓa sitiyari ba. In za ka tsallaka cikin Alaska, ka tuna ƙasar Amurka ce, bizarta daban.

2. Hayar mota da karɓarta

Ga mai farawa, ka ɗauki matsakaiciya, mai tsawon mita bakwai ko ƙasa da haka. Tana shiga kowane gurbi, kuma lasin tuƙi na yau da kullum ya isa. Babba tana da daɗin zama, amma juya ta a cikin itatuwa wahala ce.

Kafin ka sa hannu, tambayi abu uku. Kilomita nawa aka ba ka kyauta, nawa ne kuɗin abin da ya ƙaru? Inshorar ta haɗa da gilashin gaba da tayoyi? An yarda ka hau hanyar tsakuwa? Kamfanoni da yawa sun hana hawa Dempster, wasu kuma sai ka ƙara kuɗi. In ka hau ba izini aka sami matsala, kai za ka biya komai.

Ranar karɓa kada ka yi sauri. Ɗauki bidiyon motar ciki da waje, har rufinta. Ka sa ma'aikacin ya kunna maka komai a gabanka: murhu, firij, hita, famfon ruwa, na'urar ƙararrawar hayaƙi da ta gas. Tafiyata ta biyu, wani kamfani ya miƙo mini makulli yana cewa komai lafiya, na gaskata. Sai da muka kai daji na tarar babu sifanar taya a motar. Allah Ya taimaka wani dattijo da ke zango kusa da mu ya ara mini tasa. Tun daga ranar sai na ga jak da sifana da idona, na kuma gwada sifanar a kan noti. Ka rubuta tsayin motar a takarda ka manna kusa da sitiyari, saboda rumfunan gidajen mai da rassan itatuwa.

3. Sayayya da loda kaya

Yi babbar sayayya a babban gari, Edmonton ko Grande Prairie ko Whitehorse. Nama na halal a Edmonton za ka same shi cikin sauƙi. Ka raba shi ƙulli-ƙulli na girki ɗaya, ka daskarar da shi tun a gida. In ya ƙare, akwai kifin gwangwani, ƙwai, wake da taliya. Garin tuwo, kuka, kuɓewa busasshiya da yaji ba sa cin wuri, kuma miyar kuka mai zafi a daren sanyi abu ce da yara ba sa mantawa. Mai tasowa daga gida Najeriya ko Nijar kada ya ɗauko kilishi ko dambun nama, ba a yarda a shigo da su Kanada ba.

Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, tsakiyar mota. Kowace durowa ka tabbatar ta kulle, domin hanya za ta girgiza ta.

4. Tuƙi da lissafin mai

Dokata ɗaya ce: tanki ya kai rabi, gidan mai na farko da na gani nan zan tsaya, ko nawa ne farashi. Wasu gidajen man da ke taswira sun rufe shekaru da suka wuce, wasu kuma suna tashi da magariba. Matsakaiciyar motar gida tana shan lita 20 zuwa 25 a kowane kilomita 100, ta fi haka in ana hawa dutse ko iska na gaba.

Ka bar fitilunka a kunne ko da rana tsaka. A gangara, kamar wajen Summit Lake inda hanyar ta fi tsayi, kusan mita 1,300, ka sauke giya ka bar inji ya riƙe motar. Wanda ya kwanta a kan birki zai ji ƙaurinsa kafin ya kai ƙasa. In motoci sun taru a bayanka, ka ratse ka ba su hanya.

Dabbobi su ne babban haɗari. Kusa da tafkin Muncho tumakin dutse na tsayawa tsakiyar kwalta suna lasar gishiri. Tsakanin kogin Liard da Watson Lake akwai garken ɓauna, wasu suna kwance a gefen titi kamar shanun Fulani a makiyaya, kuma babban namiji ya kusa tan guda. Akwai wata ƙatuwar dabba mai dogayen ƙafafu da ake kira mus, wadda in mota ta buge ta jikinta kan gilashi yake faɗowa. Saboda su ba na tuƙi da asuba ko da almuru. Bayan tafkin Kluane zuwa Beaver Creek, ƙanƙarar da ke ƙarƙashin ƙasa ta sa kwalta ta yi tudu da kwari. In ka ga 'yar tuta a gefen hanya, rage gudu nan take. Kullum da safe, in akwai sabis, duba shafin 511 na Yukon ko DriveBC, saboda gobarar daji ko ambaliya na iya rufe hanya.

5. Isa zango da zaɓen gurbi

Wuraren zango iri biyu ne. Na 'yan kasuwa suna cikin gari ko kusa da shi, da wuta da ruwa da wurin wanki. Na gwamnati su ne a bakin tafkuna da gindin duwatsu, kuma babu wuta, babu famfon haɗa wa mota, sai tebur, murhun ƙarfe da masai. Ni nakan yi kwana uku a na gwamnati, kwana ɗaya a na kasuwa don cika ruwa, cajin batir da wanki.

Ka isa kafin ƙarfe uku na rana. Wurare irin su Strawberry Flats a bakin Muncho gurabensu kaɗan ne, suna cika da wuri. Liard River Hot Springs kuwa, wato zangon maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Liard, gara ka kama wuri ta intanet tun da sauran watanni. Wanda ya taɓa wanka a Wikki da ke Yankari zai gane wurin, sai dai ruwan Liard ya fi zafi nesa ba kusa ba, wani ɓangaren ya haura digiri 40, ana bin gadar katako ta cikin fadama kafin a kai.

A zangon gwamnatin Yukon, da yawa kai za ka yi wa kanka rajista. Ka zagaya a hankali, ka zaɓi gurbi, ka koma allon ƙofa ka cike ambulan, ka sa kuɗi ka jefa a akwatin ƙarfe, ka maƙala ɓangaren takardar a sandar gurbinka. Zuwana na ƙarshe dala 20 ta Kanada ce kwana ɗaya, itacen wuta kuma kyauta. Wajen zaɓe, nemi wuri shimfiɗaɗɗe, inda iska ke ɗan kaɗawa don ta kori sauro. Ɗaga kai ka duba ko akwai busasshen reshe a sama.

6. Kafa mota

Mutum ɗaya ya sauka ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, ku yarda da alamun hannu kafin ka fara baya. Ka daina ganinsa, ka taka birki.

Sai daidaita mota, kuma wannan ba don daɗin barci kaɗai ba ne. Firij mai aiki da gas yana bukatar motar ta zauna daidai. In ta karkace na sa'o'i, ruwan sanyayawar ba ya zagayawa, abinci ya lalace, firij ɗin ma yana iya mutuwa. In ba ka da ma'auni, zuba ruwa rabin kofin gilashi ka ɗora a kan teburi, ruwan zai nuna maka ɓangaren da ya yi ƙasa. Jera katako a gaban tayar wannan ɓangaren, ka hau a hankali, ka sake dubawa. Ja birkin hannu, ka sa wa taya waigi. Sannan ka buɗe tukunyar gas, ka mai da firij kan gas. In ka ji warin gas, rufe tukunyar, buɗe tagogi, kowa ya fita, kada a kunna komai.

7. Ruwa, wuta da ɗumi

Motar na da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na banɗaki. Tankin tsabta a matsakaiciyar mota bai cika wuce lita 150 ba. Mu huɗu, in mun kula, yana kai mu kwana uku. Dabarar ita ce wankan bokiti irin na gida, wanke kwanuka a roba biyu, alwala da buta a waje, da yin amfani da masan zango da rana. Ruwan tafki ko na famfon hannu, komai kyansa a ido, sai ka tafasa shi kafin a sha.

Abin da ya fi cinye batir shi ne fankar hita. Daren farko da muka kwana a zangon Tombstone da ke kan hanyar Dempster na bar hita a kunne har safe, da asuba ko famfon ruwa ya ƙi motsi. Yanzu nakan ɗumama motar kafin barci, in rage hitar sosai, kowa ya shiga bargonsa da hula, da asuba in sake kunnawa. In akwai janareta, a kiyaye sa'o'in da aka ƙayyade a allon zango. In babu, tuƙin sa'o'i kaɗan yana mai da caji. Gargaɗi mai girma: kada ka taɓa ɗumama mota da murhun girki, kada kuma ka shigo da garwashi ciki kamar yadda ake yi da kasko lokacin hunturu. Iskar da ke fita ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Wutar waje a murhun ƙarfe kaɗai ake hura ta, in ba a hana ba a ranar. Kashe ta da ruwa, ka motsa tokar, ka ƙara ruwa, har sai ka iya taɓawa da hannu.

8. Zama da beyar

Dajin nasu ne, baƙaƙen beyar da masu launin ruwan ƙasa duka. Hancinsu ya fi na kare, kuma abincinmu mai ƙamshi ne: daddawa, busasshen kifi, soyayyen nama, man shanu. Duk abin da ke da ƙamshi, har sabulu, man goge baki da turare, cikin mota yake kwana, ƙofa a rufe. Kada a bar tukunya ko akwatin sanyi a kan tebur ko na minti goma. Shara a kai ta kwandon ƙarfe mai makulli tun kafin dare. Ruwan wanke-wanke kada a watsa shi a ƙasa. A Congdon Creek, bakin tafkin Kluane, har shingen lantarki aka yi wa masu kwana a tanti, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yawansu.

In za ku taka cikin daji, ku tafi tare, kuna magana da ƙarfi, yara a tsakiya. Barkonon fesawa ya kasance a ƙugunka, ba cikin jaka ba, kuma ka koyi cire makarinsa tun a zango. In kun haɗu da beyar, kada kowa ya gudu. Ku taru wuri ɗaya, ka yi magana a natse, ku ja da baya sannu a hankali. Ba a fesawa sai ta matso kusa ƙwarai. In ka gan ta daga mota, ka zauna ciki, ka bar tazarar mita 100. Ba a shiga jirgin sama da barkonon, sai ka saya a can.

9. Salla inda rana ba ta faɗuwa

A Whitehorse, cikin Yuni, yini ya kai sa'a 19, kuma ja-ja-jan magariba ba ya gushewa har gari ya waye. A Inuvik, garin da ke ƙarshen hanyar Dempster, rana kan yi sama da kwana 50 ba ta faɗi ba. Malamai sun yi bayani a kan haka: wasu sun ce a bi lokutan gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu sun ce a bi na Makka. Ka zauna da malaminka kafin ka tashi, ka rubuto jadawalin a takarda, ka kuma tambaye shi hukuncin ƙasaru da haɗa salloli. Alƙibla daga Yukon kusan arewa sak take, abin da kan ba baƙo mamaki. Allurar kamfas kuma a can tana karkata gabas da sama da digiri 15, sai ka gyara. Akwai masallaci a Whitehorse, akwai kuma na Inuvik, wanda aka ƙera a Winnipeg aka ɗauko shi ta mota da ta kogi a 2010. Na yi Juma'a a cikinsa sau ɗaya, kuma har yau ina jin daɗin tunawa. Don barci, ka toshe tagogi da baƙin kyalle ko kwali, in ba haka ba yara ba za su runtsa ba.

10. In za ka hau Dempster

Kada ta zama tafiyarka ta farko. Hanyar burji ce da tsakuwa mai kaifi, kusan kilomita 740 daga mararrabar kusa da Dawson City ta Yukon, ba Dawson Creek ba, zuwa Inuvik, an buɗe ta a 1979. Daga mararraba babu gidan mai sai Eagle Plains, kusan kilomita 370. Ka cika tanki da jarka, ka riƙe safaya biyu. Akwai jirgin fito a kogin Peel da na Mackenzie, kyauta ne, amma cikar ruwa na iya tsayar da shi. In babbar mota ta tunkaro, rage gudu ka raɓe dama. In tsakuwa ta tsaga gilashi, goge wurin ka manna salatif don ƙura kada ta shiga tsagar, mai gyara zai iya cike ta daga baya. In an yi ruwa, hanyar kan zama santsi kamar sabulu, sai ka tsaya ka jira ta sha iska. Wanda bai shirya wa duk wannan ba, ya tsaya a zangon Tombstone, kilomita 70 da 'yan kai daga mararraba. Duwatsun wurin kaɗai sun biya kuɗin mai.

11. Zubar da tanki da tashi

Ana zubarwa ne a wurin da aka tanada kaɗai, a zangon kasuwa, wasu gidajen mai, ko na hukumar gari. Sa safar hannu. Tabbatar makullan tankunan biyu a rufe suke kafin ka cire murfin bututu. Haɗa tiyo mai kauri da mota, ka zura ɗaya bakin cikin ramin, ka danne shi da dutse ko ƙafa. Fara buɗe na banɗaki, ya gama tsiyaya ka rufe. Sannan ka buɗe na wanke-wanke, ruwan sabulun zai wanke tiyon. Wanda ya juya wannan tsari zai naɗe tiyo da ƙazanta a ciki. Kada ka zubar da tankin banɗaki yana kusan fanko, ka bari ya kai kashi biyu cikin uku, don nauyin ruwan ne ke tura komai waje. Bayan ka gama, zuba bokitin ruwa da magani a banɗakin. Ruwan kurkure tiyo da ke wurin ba na sha ba ne, ka matsa zuwa famfon da aka rubuta na sha, ka cika da farin tiyonka.

Kafin ka tayar da mota kowace safiya, zagaya ta sau ɗaya da ƙafa: rumfa a naɗe, matakala a ciki, tagogin rufi a rufe, gas a kashe, waya da tiyo a cire, katako da waigi a ɗauke. Duba iskar tayoyi tun suna da sanyi, har na ciki in bayan motar taya bibbiyu ne. Cire takardarka daga sandar gurbi, ka tsince ko ɓawon albasa da ya faɗi, ka taɓa tokar murhu da hannu, sannan ka ƙirga yara.